Baƙo da riƙon amanar gari a bakin teku: in karɓa ko in ba da haƙuri?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na iso gida Sakkwato makon jiya, kuma na ga ya fi dacewa in shimfiɗa ta a gabanku kafin in koma kudu. Shekara 17 ke nan ina kai albasa yankin Badagry a jihar Legas, in sayo kwakwa da bandar kifi in turo arewa. Shekara 11 daga ciki na yi su ne zaune a wani ƙauyen masunta da ke kan siririn tudun yashi, tafki a bayansa, teku a gabansa. Yawancin mutanen garin Egun ne, akwai Yarbawa da 'yan Ilaje, sai mu Hausawa da ba mu wuce gida goma sha biyu ba. Mota ba ta isa can. Kwalekwale mai inji shi ke kai yara makarantar sakandare, shi ke kai kaya kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti.

Garin yana da Baale, wanda yake kamar dagaci a wurinmu, sannan akwai ƙungiyar raya unguwa mai rajista da ƙaramar hukuma. Ƙungiyar ce ke karɓar kuɗin karo-karo, ta gyara gadar katako ta kwata, ta biya masu gadin dare, ta rubuta takardar koke idan teku ta ci gidan wani. Ana saura kwana uku in taho, dattawan garin suka kira ni gaban Baale suka ce sun yanke shawarar in zama sakataren ƙungiyar, in riƙe littafin kuɗi da hatimi. Dalilinsu shi ne an bar lissafin baya a dagule, manyan gidaje biyu na garin ba su amince wa juna ba, ni kuwa ba ni da dangi a ko ɗaya daga cikinsu. Na roƙe su su ba ni wata guda in yi shawara da na gaba da ni.

Tambayata kashi biyu ce. Shin ya dace baƙo ya karɓi irin wannan amana a garin da ba a binne cibiyarsa ba? Idan kuma ya karɓa, mene ne ainihin aikin mai jagorancin jama'a a garin da ƙasarsa kanta ba ta da tabbas, inda kowace shekara ruwa ke matsowa ya rage ta?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka karɓa, amma kada ka karɓa hannu sake. Na fara aikin akawu a ƙarshen zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuma na yi ritaya ina riƙe da littafin kuɗin jama'a, saboda haka na san inda ƙafa ke zamewa. Ka gindaya musu sharuɗɗa tun kafin ka taɓa hatimin. Kuɗi su zauna a banki da sunan ƙungiya, kada su kwana a ɗakinka ko da dare ɗaya ne, kuma kada a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga kowane ɗaya daga gidajen nan biyu, kai ne na uku. Kowane ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, da harshen da tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta ji. Abu mafi muhimmanci, kada ka gaji lissafin wanda ya gabace ka. A zauna a rufe tsohon littafi a gaban dattawa, a rubuta abin da aka tarar a asusu ranar da ka karɓa, kowa ya sa hannu, sannan ka buɗe sabon shafi.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Baba Akawu, ina girmama maganarka, amma ni zuciyata ba ta kwanta da wannan abu ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ƙanin maigidana ya taɓa riƙe kuɗin wata ƙungiyar 'yan kasuwa a kudu, ya riƙe da gaskiya har shekara huɗu, amma ranar da rikici ya tashi tsakanin manyan kasuwar, ɓangarorin biyu suka shirya a tsakaninsu suka bar shi da zargi, sai da ya sayar da shagonsa ya dawo gida. Abin da ya sa suka zaɓe ka, wato rashin dangi, shi ne kuma abin da zai bar ka ba mai tsaya maka ranar da abu ya ɓaci. Ka tuna kana da iyali da jari a wurin, ƙanena.

Almajirin_Wurno:
Hajiya ta faɗi abin tsoro na gaskiya, sai dai akwai wata fuskar da ya kamata a duba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, ya bayyana masa cewa wanda aka ba shi saboda ya nema za a bar shi da shi, wanda kuwa aka ba shi ba tare da ya nema ba za a taimake shi a kansa. Ɗan'uwanmu bai nema ba, kiransa aka yi. Game da baƙunta kuwa, Annabi Yusuf baƙo ne a ƙasar Masar, kuma taskokin ƙasar aka danƙa masa saboda tsaron amana da sanin aiki.

Kashi na biyu na tambayar shi ne ya fi jan hankalina. Mu Sakkwatawa muna da gadon rubutu a kan wannan. A cikin nasihar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji a kan tushen siyasa, bai tsaya ga shari'a da tsaro kawai ba, ya sanya raya garuruwa, da ƙarfafa masu sana'a, da kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji a cikin aikin shugaba. Wannan gadar katako ta kwata da ɗan'uwanmu ya ambata, wadda mace mai ciki ke takawa ta shiga jirgi, tana cikin abin da magabatanmu suka ɗauka a matsayin addini.

Lauya_Gawon_Nama:
Allah ya gafarta Malam, ka yi mana bayani mai gamsarwa. Ni zan yi magana ne a kan ƙasa, domin a garuruwan bakin ruwa na Legas ba teku kaɗai ke cin gida ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma yawancin ƙauyukan masunta ba su da takardar mallaka, sai tarihin kaka da kakanni. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta rushe Maroko, wurin da yanzu ya koma unguwannin masu hali kusa da Victoria Island. A Yulin 2012 an rushe wani ɓangare na Makoko bayan sanarwar kwana uku kacal. An kori mutanen Otodo Gbame a Lekki tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, alhali magana tana gaban kotu, kuma a Yunin 2017 babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa korar mutane ba tare da isasshiyar sanarwa da tanadin matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki. A Janairun 2020 aka kwashe mazauna Tarkwa Bay.

Na jero waɗannan ne domin in nuna maka cewa babban aikin sakatare a irin garinku ya wuce karɓar karo-karo. Aikinsa shi ne ya mayar da garin abin da ke rubuce. A ƙidaya gidaje ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan mai gida da yawan mutanen da ke ciki da shekarar da ya zauna, a ɗauki hoton kowane gini, a adana duk wata takardar biyan haraji ko lasisi da hukuma ta taɓa bayarwa, domin hukumar da ta karɓi kuɗinka ta amsa cewa kana nan. Duk takardar koke da za ku kai ofis, ku kai biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da ita. A ajiye kwafin komai a wajen garin, inda ruwa ko wuta ba za su kai ba. Idan kana da haƙurin wannan aiki, to kai ne mutumin da suke bukata, ko daga ina ka fito.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, iyayena. Hajiya, maganarki ita ce irin wadda mahaifiyata ta faɗa mini jiya da dare, kusan kalma da kalma. Barista, ka taɓo inda ke yi mana ciwo. Lokacin da na fara zama a garin akwai layin bishiyoyin kwakwa uku tsakanin gidan ƙarshe da bakin teku, muna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin na farko mu yi sallar la'asar. Yau layi ɗaya ya rage. Bara da idona na ga igiyar ruwa ta tone gindin wata doguwar kwakwa cikin dare biyu, da safe muka tarar da ita kwance, saiwoyinta a sama, yara suna tsintar 'ya'yanta a cikin kumfa. Rijiyoyi biyu na gefen teku sun koma zartsi, sai an je bayan gari ake samun ruwan sha. Babu wanda ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da wani jami'i ya zo ya tambayi gida nawa ruwa ya ci a shekara biyar, mutum uku suka ba shi amsa uku daban-daban, ya rufe littafinsa ya tafi.

Ɗan_Kwalkwalawa:
Ni ban taɓa ganin teku ba, amma na ga abin da ruwa ke yi wa gari, kuma ba sai an je Badagry ba. A farkon Satumban 2010, lokacin da madatsar ruwa ta Goronyo ta cika maƙil aka buɗe ƙofofinta, gulbin Rima ya yi ambaliyar da ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. A daren da ruwa ya shigo mana, wanda ya cece mu wani dattijo ne da ba shi da ko muƙami a hukuma. Ya bi gida-gida da fitila yana buga ƙofa, kuma ya san a wane ɗaki makauniyar tsohuwa take, ya san gidan da aka yi haihuwa kwana huɗu da suka wuce. Da muka hau tudu ya tsaya yana kiran sunayen magidanta da ka, kowa yana amsawa da adadin mutanensa, har aka gano yara biyu ba su fito ba, masu fito suka koma suka ɗauko su daga kan katanga. Kayan agaji sun zo bayan kwanaki, kuma an gode, amma a wannan daren sanin mutane ne ya yi aiki. Saboda haka ni tambayar da zan yi wa Ɗan_Mabera ita ce, shin ka san garin irin wannan sanin? Idan ka san shi haka, ba na ganinka a matsayin baƙo.

Ɗan_Illela:
Ku gafarce ni, zan ɗan saɓa wa yadda zancen ke tafiya. Duk muna yabon mutanen da ke aikin sa kai, amma ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa talakan da ke kama kifi da hannunsa zai yi karo-karo ya gina kwata, ya biya mai gadi, ya tona rijiya. Ina ƙaramar hukuma? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta a jadawali na huɗu, ciki har da kasuwanni, da ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya, har ma da ba kwalekwale lasisi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ina tsoron cewa duk lokacin da ƙungiyar gari ta yi aikin da ya rataya a wuyan ciyaman da kansila, tana sauke musu nauyi ne, su kuma su saba. Haka abin yake a ƙananan hukumominmu 23 na jihar Sakkwato, inda unguwa ke tara kuɗin gyaran taransifoma ko rijiyar burtsatse kamar ba a taɓa zaɓen kowa ba.

Tsohon_Akawu:
Ɗan_Illela, gaskiya ka faɗa, amma mai naƙuda ba za ta jira a aiwatar da hukuncin kotu ba kafin ta taka gadar kwata. Aikin gayya ya girmi ƙaramar hukuma a ƙasar Hausa. Abin da na koya a ofis shi ne, jami'i yana jin nauyin garin da ya zo masa da takarda yana cewa mun yi kashi ɗaya da kuɗinmu, ga rasit, saura kashi biyu naku, fiye da garin da ya zo da kuka kawai. Ƙungiya mai tsabtataccen littafi ita ce ke iya tsayawa gaban ciyaman ta tambaye shi nasa littafin.

Injiniya_Arkilla:
Akwai wani gari da ya kamata a sa a cikin wannan muhawara, domin yana goyon bayan Baba Akawu ta wani gefe, yana goyon bayan Ɗan_Illela ta wani gefen. Sunansa Ayetoro, a yankin Ilaje na jihar Ondo. Wata jama'ar addinin Kirista ta masunta ce ta kafa shi a 1947 a kan fadamar bakin teku, suka tsara zamansu a kan haɗa dukiya wuri ɗaya. Da kuɗin kifi suka gina gidaje a kan turaku, suka shimfiɗa hanyoyin katako, suka kafa wurin ƙera jiragen ruwa da makarantar koyon sana'a, suka samar wa kansu wutar lantarki tun lokacin da manyan garuruwa da yawa ba su da ita. Babu gwamnatin da ta yi musu wannan. Amma yau teku ta cinye babban ɓangaren garin, gidaje da makarantu sun tafi, kuma an ba da kwangilar gina katangar kariya fiye da sau ɗaya ba tare da aikin ya kammala ba.

Abin da nake so a fahimta a matsayina na mai aikin gine-gine shi ne, akwai aikin da gayya ke iyawa, akwai wanda ya fi ƙarfinta. Kare gaɓar teku yana bukatar duwatsu masu nauyin tan-tan, da jiragen ɗaukarsu, da nazarin yadda igiyar ruwa ke tafiya da yashi. A gaɓar Legas yashi yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas, shi ya sa ganuwar duwatsun da Turawa suka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarnin da ya wuce ta tare yashin, Bar Beach, wato gaɓar Victoria Island da ke gabas da ita, ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Duk abin da aka gina ko aka haƙa a wani wuri, wani gari ne ke biyan kuɗinsa. Don haka Ɗan_Mabera, kada ka yi wa mutane alkawarin tsayar da teku da buhunan yashi. Ku kafa turaku masu lamba daga bakin ruwa zuwa cikin gari, ku riƙa auna tazarar kowane wata kuna rubutawa da kwanan wata, ku kuma lura ko akwai masu haƙar yashi kusa da ku. Wannan ma'aunin shi ne amsar da jami'in nan ya nema bai samu ba.

Malama_Minannata:
Ina biye da ku tun farko, kuma na lura har yanzu ba a ambaci mata ba sai a matsayin masu naƙuda da tsofaffin da za a cece su. Na yi hidimar ƙasa a wani ƙaramin asibiti a garin bakin ruwa a kudu, kuma abin da na gani shi ne maza ke shiga teku, amma da zarar kifi ya sauka a kwata ya koma hannun mata. Su ke saye, su ke banda, su ke kai wa kasuwa, kuma sau da yawa su ke ba masunci bashin man inji da kuɗin gyaran taru. Kuɗin gari a ɗaurin zanensu yake. A garin da na zauna, matan da ke banda ne suka yanke shawarar ajiye jarka ɗaya ta fetur a ɗakin shugabarsu, ba a taɓa ta don komai sai don kai mara lafiya asibiti da dare. Na shiga wannan jirgi sau biyu da tsakar dare, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama da hannuna, wata mata tana haska mana da fitilar waya, kuma duk su biyun Allah ya sa mun isa da rai. Yaya Ɗan_Mabera, mata nawa ke zama a taron ƙungiyarku, kuma a cikin mutum ukun da Baba Akawu ya ce su sa hannu, me zai hana ɗaya ta zama shugabar masu banda?

Masuncin_Silame:
Malama ta yi daidai. Ni ɗan gidan masunta ne, kuma ina so in tuna wa zaure cewa mutanen ruwa suna da shugabancinsu tun kafin a san ƙungiya mai rajista. A wurinmu Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga su da lokacin da za a bar ruwa ya huta, kuma a Argungu kowa ya san ba a taɓa kifin kogin Matan Fada sai ranar da aka ba da izini. Wani abokina da ya zauna a gaɓar Ghana ya gaya mini cewa a garuruwa da yawa can masunta ba su fita teku ranar Talata, kuma shugaban masunta ne ke tsare wannan doka. Na tabbata garin Ɗan_Mabera ma yana da irin wannan babba a kwata, kuma idan sakatare ya tsallake shi, littafinsa ba zai yi amfani ba.

Abu ɗaya da nake roƙo a sa a gaba shi ne lodin jirgi da rigar kariya. A Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warrah a jihar Kebbi, mutane fiye da ɗari suka salwanta. A Afrilun 2022 mun rasa mutum 29 a yankin Shagari a nan jiharmu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana da dokoki a kan yawan fasinja da tafiyar dare, amma jami'inta ba ya tsaye a kowace kwata. Wanda ke tsaye a can shi ne ɗan gari, kuma shi kaɗai ke iya ce wa mai fito ya sauke mutum biyar, ko da kuwa ɗan'uwansa ne.

Hajiya_Runjin_Sambo:
To ai maganar Masuncin_Silame ta dawo da mu inda na tsaya. Ɗan gari yana iya ce wa ɗan'uwansa ya sauke fasinja, su yi cacar baki, gobe su haɗu a wurin suna. Idan baƙo ya faɗa, sai a ce Bahaushe ya zo yana hana mu cin abinci a ruwan kakanninmu. Ban ce kada ya yi wa garin hidima ba. Yana iya rubuta musu ƙidayar gidaje da ma'aunin turakun da Injiniya ya faɗa ba tare da ya riƙe hatimi da kuɗi ba.

Lauya_Gawon_Nama:
Hajiya, shawararki tana da ƙarfi, kuma tana da mafita a cikin tsari, domin ana iya raba muƙamin biyu, sakatare ya riƙe rubutu, ma'aji ya riƙe kuɗi. Zan ƙara abu biyu. Na farko, ɗan'uwanmu ya sanar da Sarkin Hausawan yankin kafin ya ba da amsa, domin duk abin da ya same shi zai shafi sauran gidajen Hausawa goma sha ɗaya, kuma ya kamata a ce da saninsu ya shiga. Na biyu, ina katin zaɓenka yake? Da yawa daga cikin mutanenmu suna shekara ashirin a kudu amma rajistarsu tana gida, sai su hau mota su dawo lokacin zaɓe, alhali hukumar zaɓe ta ba da damar mayar da rajista inda mutum yake zaune. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da wasu yankunan raya ƙasa 37 da jihar ta ƙirƙira a 2003, kuma yankin Badagry kansa ya kasu uku a wannan tsari. Kansilan da za ka kai wa koke ya san akwatin da ya kawo shi, kuma zai yi wuya ya ɗauki maganar wanda ƙuri'arsa take Mabera da nauyin da ya kamata.

Direban_Kara:
Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar albasa da dabbobi zuwa kudu, kuma ina so in ƙara wani abu da ba a ambata ba. An ƙaddamar da aikin sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda za ta tashi daga Illela. Idan Allah ya sa ta kammala, Sakkwatawa za su ƙaru a can, kuma filin bakin ruwa da ba wanda ya damu da shi zai yi tsada. Ranar da masu kuɗi suka fara zuwa da takardu, garin zai bukaci wanda ya riga ya rubuta komai, kuma mu ma za mu bukaci a ce wani namu ya taɓa riƙe amana a wurin ya sauke ta lafiya.

Ɗan_Mabera:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan amsa tambayoyin da aka yi mini da gaskiya. Ɗan_Kwalkwalawa, na san gidajen gefen kwata da na gefen masallacinmu ɗaya bayan ɗaya, amma gidajen ƙarshen gari ta yamma ban san su irin sanin da ka kwatanta ba, kuma harshen Egun ina ji fiye da yadda nake iya mayarwa, da Yarbanci muke yawan magana. Malama, mata biyu ne ke zuwa taro, kuma a bayan rumfa suke zama, ba a taɓa tambayar su ba sai lokacin tara kuɗi. Barista, katina yana nan Mabera, kuma sai da ka faɗa na ga girman abin.

Abin da nake tunanin kai wa dattawan shi ne in karɓi rubutu na shekara biyu, a ba shugabar masu banda ma'aji, a rufe tsohon littafi a gaban kowa kamar yadda Baba ya ce. Amma mahaifiyata ba ta sake ni ba tukuna, kuma ba zan wuce maganarta ba. Gobe bayan sallar Juma'a zan je wurin kawuna a Rijiyar Ɗorowa mu zauna da ita tare.

Ɗan_Illela:
Idan ka karɓa, ina roƙon takarda ta farko da za ka buga wa hatimi ta zama ta neman a nuna muku abin da aka ware wa mazaɓarku a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma na bana.

Malama_Minannata:
Kafin ka ambaci sunan shugabar masu banda a gaban Baale, ka fara aika maiɗakinka ta same ta a wurin bandarta ta ji ko tana so, domin ita ma tana da gidan da ta fito da gidan da take aure, kuma wataƙila ɗayansu yana cikin gidajen nan biyu da ba su jituwa. Ka sanar da mu yadda kuka yi da Inna.